Ranar da Aka Kwashe Mini Giyabos da Shanya

Jiya da la'asar na wanke sifanuna da kananzir, na baza su a kan tabarma a tsakar gida, na koma ƙofar ɗaki na zauna. Watan Agusta ne, lokacin da ruwan Ibadan kan ɗan tsagaita mako biyu ko uku kafin na ƙarshen damina ya dawo. Amma ruwan garin nan ba shi da alƙawari. Ina zaune sai iska ta kaɗo daga wajen Mokola da ƙanshin ƙasa, wata kuma ta ƙwala ihu daga bayan gida, "Hadari! A kwashe shanya!" Nan da nan mata suka fito, kowacce da daro ko faranti. Matata Zuwaira, duk da ciwon gwiwar da take kuka da shi, ta riga 'yan mata isa igiya. Ni kuwa gabana ya faɗi, kamar yadda yake faɗuwa duk lokacin da na ji wannan kira, yau kusan shekara talatin ke nan.

Ni bakanike ne, sunana Sale, a nan Sabo, unguwar Hausawa, aka yanke mini cibiya. Manyan motocin da ke kawo albasa da wake kasuwar Bodija su na koyi gyarawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hatsi yake sayarwa a kasuwar, amma zuciyarsa tana gona. Yana da fili a wani ƙauye can cikin Akinyele, ba saye ya yi ba, aro ne daga gidan Baale, wato mai garin. Fiye da shekara ashirin yana noma masara a wurin sau biyu a shekara, idan kaka ta yi ya kai wa Baale buhun gaisuwa. Ƙa'idar aron ƙasa a wurinsu guda ɗaya ce. Muddin kana juya ta, taka ce, ba mai ce maka kanzil. Ka bar ta ta kwana cikin ciyawa shekara guda cur, mai ita yana da ikon ba wani.

Abin da ya sa Baba yake iya juya filin nan wata tsohuwar tarakta ce ja da ya saya a gwanjo. Direbanta wani Bayerabe ne, Muri, sa'ana, tare muka yi ƙwallo muna yara, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. To a shekarar da nake ba da labari, ruwan farko na sauka, Muri bai gama layi goma ba giya ta yi ƙara ta tsaya cik. A makon kuma Baba ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Muka koma zaryar asibiti, shukar farko ta wuce mu muna kallo.

In faɗi gaskiya, ba jinyar Baba kaɗai ta hana ni taɓa taraktar ba. Tsoro nake ji. Ban taɓa buɗe giyabos, wato akwatin giya, na tarakta ba, kuma ga girman kai, ba na so a ce Oga Sale ya buɗe abu ya kasa mayarwa. Kullum Muri ya zo sai in ce masa sai mako mai zuwa.

Shekarar ta zo da tsanani ko ta ina. Lokacin wahalar mai ne, motocin arewa sun ragu, garejinmu sai a wuni ana hira. Ɗakin da Baba yake tara masara ya zama wurin wasan ɓeraye. Gidan da ake tuƙa tuwo a rarraba wa maƙwabta ya koma jiƙa gari da rana, koko ba sukari da safe. Baba ya hana a je Bodija a auno masara a mudu, wai ba za a ga iyalinsa a gaban tiren yaran da ya koya wa awo ba. Sai Zuwaira ta riƙa zagayawa wata kasuwa can cikin gari inda ba a san mu ba. Ta dawo da ƙullin a ƙarƙashin mayafi kamar wadda ta sato.

Ranar da ruwa ya tsagaita, Muri ya iso da sassafe, ko zama bai yi ba. Tsohon Baale ya rasu tun bara, ɗansa ne a kai, kuma wani mai kuɗi daga cikin gari yana neman filin don ya noma rogo. Muri ya ce, "Oga Sale, sabon Baale ya ce in gaya wa Baba, ya ba shi kasuwa uku. Idan kasuwa ta uku ta ci bai ga jar ƙasa a sama ba, zai ba mai rogo."

Kasuwa uku a lissafin ƙauyen bai cika mako biyu ba. Baba yana kwance a ɗaki, ashe ya ji komai. Ya kira ni, bakinsa a ɗan karkace, ya ce, "Sale, idan ƙasar nan ta fita hannuna ina raye, to ka sani ba ciwon nan ne ya kashe ni ba." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari muna gona ni da Muri. Ciyawa ta kai ƙirji, taraktar na tsaye a tsakiya, zanzaro ya yi gida a ƙarƙashin kujera. Ita tarakta ba kamar babbar mota take ba. Inji da giyabos da ƙafafun baya a ɗaure suke da juna, su ne ƙashin bayanta, don haka in za ka ciro na tsakiya sai ka raba ta biyu. Muka saro itace uku muka kafa kamar murhu, muka rataya sarƙar ɗaga kaya, muka tokare gaba da baya da gungume. Mutum huɗu daga ƙauyen suka taya mu tura rabin gaba. Sama a lumshe, babu rana, amma gumi kamar an watsa mana ruwa, cinnaku kuma suna ta aikinsu a ƙafafunmu. Kafin magariba giyabos yana bayan a-kori-kura, muka kama hanyar Sabo.

Ban kai shi gareji ba, don a bakin titi yake, abu ƙarami ya faɗi ya tafi ke nan. A tsakar gidanmu na sauke shi. Da gari ya waye na ga wani farin zanen gado a igiya, na Zuwaira ne tun na kayan aurenta, ya tsufa amma fari tas. Na janyo shi ban tambaye ta ba, na shimfiɗa a ƙasa, don a kan fari ko allura ta faɗi za ka gan ta.

Yaran garejinmu na yanzu kafin su kwance noti ɗaya sun ɗauki hoto uku a waya. Mu a lokacin ba waya, littafin taraktar kuwa ko mai gwanjon bai taɓa ganinsa ba. Abin da ubangidana ya koya mini shi ne, duk abin da ka ciro ka ajiye shi a layi, daga dama zuwa hagu, fuskar da ta kalle ka tana sama. Wurin mayarwa sai ka biyo layin daga ƙarshe. Haka na yi. Manyan giyoyi masu haƙora, boris-boris masu ƙwallayen ƙarfe a ciki, da ƙananan zobba na tagulla da na baƙin ƙarfe da ake sawa a tsakani, kowanne na ɗiga da baƙin mai, na jera su layi uku. Wannan zanen shi ne littafina, ba ni da wani.

Ciwon ya fito fili: giya ta biyu haƙora uku sun karye, boris ɗaya ya ragargaje. Bayan azahar na ɗauke su biyun zan tafi kasuwar kayan gyara ta Gate. Na daka wa yaran gidan tsawa, na ce duk wanda ya taɓa sai na karya masa hannu. Matan kuwa ban ce musu komai ba. Me zan ce? Sama garau, kuma a ganina ina ruwan mace da ƙarfe.

Ina Gate, na sha yawo har na dace da giyar a wurin wani tsoho, ita kaɗai ta rage masa, sai gari ya yi duhu. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutane na neman mafaka, ni na fito da gudu. Ba jiƙewar ƙarfen ce ta dame ni ba, ƙarfe mai mai a jiki ruwan yini ɗaya ba ya yi masa komai. Al'adar gidanmu na tuna. A Sabo idan hadari ya taso ba a tambayar na wane ne. Barkonon wata, kuɓewar wata, wankin ɗan haya da ya tafi kasuwa, duk wadda ke kusa ta kwashe ta adana, wadda ta tsaya kallo kuwa sai an yi mako ana zancenta. Babu mota, layin mai ya toshe hanya. A ƙasa na taho, ina addu'ar Allah ya sa yau kowa ta yi lalaci.

Na shigo tsakar gida sharkaf. Wayam. Babu zane, babu ƙarfe, sai ruwa na gudu zuwa rariya.

Zuwaira ta leƙo daga rumfar girki tana murmushi. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kwantar da hankalinka, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ga su can na rufe maka." Ta ɗaga wani faifai. Giyabos ɗina gaba ɗaya yana cikin babban daron wanki, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar an yi cefane.

Ina da zuciya, kowa ya sani, amma irin ta ranar ban taɓa yi ba. Na ce, "Wa ya aike ki? Barkono ne? Kuka ce? Ke komai kika gani a ƙasa shanya ne?" Ta ce, "Ruwa ne fa ya..." Na katse ta, a gaban matan gida duka, na ce, "To kin kashe Baba, sai ki huta!" Murmushin ya bushe a fuskarta. Ta ajiye faifan a hankali ta shige ɗaki.

Daga ɗakinsa Baba ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, ya ce, "Sale, da za ka fita, ka gaya mata?" Na yi kamar ƙarar ruwa a kwano ta hana ni ji.

Kwana uku na yi a kan daron nan. Manyan giyoyi ba su ba ni wahala sosai ba, girman kowacce da cin da haƙoranta suka yi suna nuna abokiyar zamanta. Zobban nan ne bala'i. Guda bakwai ne, kusan kamarsu ɗaya, wani ya ɗan fi wani kauri kamar farce. In sa, in cire, in juya, in rufe ido ina ƙoƙarin tuna yadda suke a kan zane, sai in ga duhu. A ƙarshe komai ya shiga, babu abin da ya yi saura, na juya da hannu ya juya lafiya. Na ce wa raina ai shi ke nan, amma cikina bai yarda ba. Kasuwa ɗaya ta riga ta ci.

Mayar da giyabos ya fi ciro shi wuya. Sai ka rataye shi a sarƙa, ka daidaita shi da ƙafafun baya, sannan a turo rabin gaba a hankali har sandar giya ta shiga tsakiyar kuloci. Ta kauce da faɗin gashi, ba za ta shiga ba. Muka turo, saura yatsa biyu ta ƙi. Muka ja baya, muka sake, ta ƙi. Wani daga cikin mutanen ƙauyen ya ce a ɗaure notina su janyo ta da ƙarfi, na ce wallahi wanda ya taɓa sifana sai mun raba hali. Sai wajen karo na shida, ina ɗan murza injin da hannu, muka ji ƙwas, baki ya haɗu da baki. Muri ya yi ta tsalle yana kabbara.

Kashegari muka zuba ɗan man da na samo da ƙyar a jarka. Ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Muri ya sa giya, ya sauke garma, jar ƙasa ta fara kifewa a kan ciyawa. Layi ɗaya, layi biyu. A na uku garma ta kama ƙasa mai tauri, sai giyar ta fice da kanta, injin ya yi kuka a banza. Ya mayar, ta sake ficewa. Ya danne sandar da hannu, sai ga wata ƙara daga ciki kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kashe ta, ya dube ni, ya ce, "Oga Sale, idan na matsa mata za ta sake cinye haƙoran, kuma kai ka ce babu wata a Gate."

Muna tsaye cirko-cirko sai ga Baale ta bakin iyaka, tare da wani mai farin leshi da takalmi mai ƙyalli, ashe mai rogon ke nan. Mai leshin yana taka filin yana nuni da makullin mota. Baale ya gaishe mu da aiki cikin Yarbanci, ya dubi layi biyu da rabin nan, ya dubi taraktar. Mutumin kirki ne a fuska, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya jikin Baba? Ka gaya masa saura kasuwa ɗaya."

Muka sake kafa itace uku, muka sake raba ta biyu. Wannan karon ba wanda ya yi wasa ko waƙa. Na dawo Sabo da giyabos, Baba ya ji ƙarar a-kori-kura ya ce, "Ta tashi?" Na ce, "Saura kaɗan, Baba." Ƙarya nake yi, kuma ya sani.

Duk kwanakin nan ba na magana da Zuwaira. Ta ajiye mini abinci a rufe ta wuce, in ci in ture kwano. Na lura nawa ya fi nata yawa, na yi kamar ban gani ba.

Da hantsi na sake wargaza shi a kan wani katako, na zauna na zuba wa zobban nan bakwai ido. Iskar ta riga ta sauya, gajimare na taruwa ta kudu, tsofaffi a masallaci suna cewa ruwan ƙarshe ya kusa. In ya dawo da ƙarfinsa, ko taraktar ta gyaru ƙasar za ta yi laka ta ƙi garma. Na rasa ta inda zan fara. Ni da ake kira Oga, hawaye ne ya taru mini a ido.

Sai na ji motsi. Zuwaira ce ta durƙusa can nesa da katakon, da wani abu a naɗe a hannunta. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, in akwai ragowar fetur ɗin da kake wanke ƙarfe da shi, ka sam mini kaɗan. Zanen nan nake so in wanke."

Na buɗe baki zan ce ana ta kai wa ke ta kaya, sai ta warware shi don ta nuna mini ɓarnar da na yi mata. Idona ya sauka a kansa. Ga layi uku nan reras a kan farin zane. Kowace giya ta bar hotonta da baƙin mai, har haƙoranta ana iya ƙirgawa, kowane boris da kowane zobe ya bar da'irarsa a inda na ajiye shi.

Na ce, "Kada ki motsa! Don Allah shimfiɗa shi a hankali." Ta tsorata, ta ɗauka wani faɗan ne. Muka shimfiɗa, iska na ɗaga gefensa, ta danne kusurwa biyu da hannuwanta. Na riƙa ɗaukar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ina ɗora shi a kan hotonsa. A layi na biyu, tsakanin manyan giyoyi biyu, ga wata 'yar da'ira mai kunne ɗaya. Zoben tagulla mai kunnen nan, ni can ƙarshen sanda na kai shi, na haɗa shi da wani a bayan boris. Gurbin da ya bari shi ne ya ba giyar filin zamewa duk lokacin da garma ta yi nauyi.

Na ce, "Zuwaira, me ya hana ki wanke shi tun ranar?"

Ta ce, "Sabulu ne babu. Guntun da ya rage na kayan Baba ne."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da jerawa, ita kuma tana riƙe da zanen har na gama.

Muka mayar da giyabos gona muka haɗa. Ranar da kasuwa ta uku ta ci, tun da sanyin safiya Muri yake kan tarakta. Ina biye da shi a ƙasa, kunnena a jikin giyabos, duk lokacin da garma ta kama tauri sai in ƙara kasa kunne. Giyar ba ta fice ba. Da azahar yayyafi ya fara, muka ƙi tsayawa, Muri ya rufa buhu a ka. La'asar sakaliya Baale ya dawo daga kasuwa a bayan babur, ya tsaya a bakin iyaka. Fiye da rabin filin ya zama ja. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, ya ce, "Ka gaida Baba." Mai farin leshi ban sake ganinsa ba.

Baba ya ci gasasshiyar masarar wannan shuka da ɓarin bakinsa mai lafiya. Ya rasu bayan damina ta gaba, ƙasar tana hannunsa. Na saya wa Zuwaira sabon zanen gado, na kuma ce ta yafe mini maganar da na faɗa. Ta ce, "Haba Malam, ai ya wuce." Na ɗauka kuwa ya wuce.

To jiya da aka yi kiran shanya, ina kallonta ta kwashe barkonon maƙwabciya, ta sauke wankin ɗan haya, ta ɗauke takalman jikoki, ba ta tambayi kowa ba. Da ta iso kan tabarmar sifanuna sai ta ja ta tsaya. Ruwa ya fara sauka a kan ɗankwalinta da furfurar da ta leƙo ta gefe. Ta juyo ta ce, "Malam, in kwashe ko in bari?"

Shekara talatin tana yi mini wannan tambaya, ko sifana ɗaya ce a ƙasa, ni kuma sai jiya na ji ta da kyau. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kwashe mana, Zuwaira. Komai nawa kika gani, kwashe."

Ta ce, "To." Amma sai da ta sake duban fuskata kafin ta sunkuya.